An Kai Takwararki Yaye, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, irin wadda kika koya mini in yi a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa yinin yau ya same ki cikin ni'ima da yalwar makwanci. Na san ba a aika wa mamaci takarda. Malam, surukinki, ya faɗa mini haka, ya ce addu'a ce kaɗai ke isa inda kike. Na ce masa na ji. Addu'ar ina yi, wannan kuwa magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, kuma ban san wanda zan kai wa ita ba in ba ke ba. Masu karantawa su karanta, amma da ke nake.

Inna, an kai takwararki yaye, kuma ba ɗakinki aka kai ta ba.

Tun da na kai ta gidan nan ya ƙi zaunuwa. Na share ɗaki na sake sharewa. Na ɗora shinkafa na manta gishiri. Ina da jarrabawa a gaba, na buɗe littafin nahawu, layi ɗaya nake ta maimaitawa tun hantsi. Ɗazu mai sayar da gas ya wuce ta ƙasa yana buga ƙarfe a jikin tukunyarsa, na zabura zan riƙe ta kada ta ruga baranda, sai na tuna babu kowa. Na koma na zauna, na miƙe, na sake zama.

Bari in ɗauko miki daga inda kika tsaya, tunda sauran ba ki gani ba.

Kin tuna ranar da aka raɗa mata sunanki a nan Hayyus Sabi', unguwar da ɗalibai suka cika a Alƙahira? Muka ce za mu riƙa kiranta Ummi, don bakinmu ba zai iya kama sunan ba. Ta waya kika gan ta, kina ta matso da fuska har hancinki kaɗai muke gani. Kika ce, "To, ku riƙe min ita amana. In ta isa yaye ku kawo min takwarata, ni zan yi abina." Ni ba ki tambayi lafiyata ba sai can ƙarshe, shi ma ta bakin ƙanwata. Ban ji haushi ba. Ni ce 'yar fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, "yarinyar nan" nake a bakinki tun ina rarrafe. Na san duk abin da alkunya ta hana ki yi mini, ajiye shi kika yi kina jiran Ummi.

Bayan suna wani ɗalibi da ya dawo hutu ya kawo mana saƙonki. Kuka, daddawa, yaji, sai zanin goyonki a ƙasan jakar, shuɗiyar atamfar nan da kika goyi ƙannena da ita. Kika ce, "Ki goya min ita da shi, ta ji ɗumina kafin ta zo." Da na buɗe shi sai ɗakinki ya shigo mini har Masar: hayaƙin itace, man kaɗe, da turaren da kike sa wa kaya. Kusurwar da kike ƙulle goro ma tana nan a murɗe, kamar yanzu kika kwance ta.

Ban goya ta da shi ba, Inna. Na ce sai ta yi ƙwari. Sau ɗaya na gwada goyo da wani zanin na fita sayen tumatir, yaran layi suka biyo ni suna dariya, wata mata ta tare ni tana ɗaga hannu wai yarinyar za ta faɗo. Na dawo gida raina a ɓace, na sa Malam ya sayo keken tura jarirai. Zaninki kuma na naɗe shi a leda na sa a ƙasan akwati.

Sai aka bugo waya. Ummi ba ta fara zama ba a lokacin. Kafin in gama gane abin da ake faɗa mini, har an ɗauke ki an kai. Takardun zamanmu suna ofis ba su fito ba, ko da sun fito ma me zan tarar? Na zauna a tsakar ɗaki, matan ɗalibai suna shigowa suna yi mini ta'aziyya suna fita. Kafin a yi sadakar uku nonona ya ƙafe ƙaf. Yarinya tana tsotsa tana saki tana ihu. Malam ya sauka kemis ya sayo madarar gwangwani da bulumboti, wanda mutanen nan ke ce wa bibrona.

Ranar na fito da zaninki. Na rufe fuskata da shi ina kuka, ɗaya hannun yana riƙe da bulumboti a bakin Ummi. Ita kuma ta miƙo ɗan hannunta ta kama kusurwar goron nan ta damƙe. Tun daga ranar abubuwan biyu suka zama ɗaya a wurinta. Bulumboti a baki, bakin zani a hannu tana goga shi a hanci, in babu ɗaya to babu barci, babu zaman lafiya.

Ban taɓa wanke zanin ba. In madara ta zube sai in goge wurin da ɗan tsumma. Malam ya taɓa cewa, "Maman Ummi, wallahi ƙamshin da kike ji a zanin nan madara ce ta yi tsami." Yini guda ban yi masa magana ba. Shi uwarsa tana nan da ranta, duk Juma'a suna waya, me ya sani? Ni na san inda kike a jikin zanin. In na tura hancina cikin kusurwar nan na ja numfashi, ina samunki, ko da kaɗan ne.

Yanzu takwararki ta doshi shekara uku. Bakinta ya buɗe, Hausa da Larabci duk a kwano ɗaya take dama su. Bulumbotin ma ta raɗa masa suna, Bibo. Da shi take tashi, da shi take yawo a gida yana reto a haƙoranta, da shi take kwana. Haƙoranta na gaba suka fara yin ja, suka koma ruwan ƙasa, har ta kai in ta sha ruwan sanyi sai ta dafe baki ta fashe da kuka. Likitar haƙori ta duba ta, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Haram alaiki ya madam." Wato na ɗauki alhakin yarinya. Ta ce daga yau kofi, in ba haka ba cire su za a yi. Na fito ina jin kamar an mare ni a kasuwa.

Babu dabarar da ban yi ba. Maƙwabciyata Ummu Karim, Bamisriyar da ƙofarmu ke kallon tata, ta kawo mini wani ruwa mai ɗaci da suke kira sabbar, ɗan'uwan maɗacinmu ne. Ta ce, "Shafa a kan robar, ta lasa sau ɗaya, khalas, shi ke nan." Takwararki ta lasa, ta yamutsa fuska, ta dube ni. Sai ta wuce banɗaki ta buɗe famfo ta wanke robar tas, ta kawo mini in zuba mata madara. Inna, jininki ne, ba ni da wanda zan kai ƙara.

Na ce mata kyanwa ta ɗauke Bibo. Ta yini a matakala tana bin kyanwoyin gidan ɗaya bayan ɗaya tana yi musu shari'a. Da ta gaji ta kwanta a ƙasa ta buɗe maƙogwaro. Ta ƙi abinci, ta ƙi ruwa, muryarta ta dushe, mutumin da ke ƙasanmu ya riƙa dukan rufinsa da sandar tsintsiya. Malam ya ce ai shekara biyu shari'a ta yanka wa shayarwa. Na ce to ya zo ya karanta mata hukuncin da kansa. Ya kwashi littattafansa ya tafi masallaci, ni kuma na hau kujera na sauko da bulumbotin daga saman kabad.

Haka nake yi kullum. In ta yi kukan nan har numfashinta ya sarƙe, hannuna da kansa yake zuwa ya ɗauko. A nan na gane abin da ya sa mutanenmu ba sa barin uwa ta yaye ɗanta. Na tuna 'ya'yan dangi da ake kawo miki ran Juma'a. Ki dama kunun gyaɗa, ki saɓa yaro a baya, ki yi ta zagaya tsakar gida kina jijjiga shi kina aikinki. Uwar ta zo leƙe ki kore ta tun daga zaure. Kina cewa, "Kukan yaye ba ya kisa, tausayin uwa ne ke ja masa tsawo." Ni ga ni a bene na huɗu a ƙasar mutane, ni ce uwar, ni ce kakar, kuma duka biyun na kasa.

Akwai wata tsohuwa a unguwar Arba'a wa Nus, inda 'yan Sudan suka fi yawa, sunanta Hajja Hawwa. Wurinta muke sayen daddawa da busasshiyar kuɓewa in namu sun ƙare. Kakanninta ne suka bar ƙasar Hausa a ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Ita ba ta taɓa ganin Kano ba, amma Hausarta irin ta tsofaffin da ce, da kin ji ta da kin yi dariya kin ce ina wannan ta samo ta. Yaƙi ne ya koro ta nan, jikokinta kuma ya watsa su ƙasa-ƙasa.

Wata rana na je sayayya da Ummi, Bibo a baki kamar kullum. Hajja ta dube ta ta ce, "Ya bitti, 'yata, wannan ai budurwa ce. Ina kakarta?" Sai na tsaya a kan daddawar mutane ina zubar da hawaye. Ba ta ƙara tambayata komai ba, ta ƙulle mini kayana ta ce, "Kawo min ita ran Juma'a. Mu ma haka uwayenmu suka yi mana."

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban kai ta ba. Ba don ban yarda da Hajja ba. Wannan aikin naki ne, ke kika ce a ajiye miki. In na miƙa wa wata, ji nake kamar na raba gadonki kina kallo. Sai da kumatun Ummi ya kumbura wata safiya, ta kasa tauna burodi, sannan na haɗa mata kaya.

Hajja ta kafa sharaɗi: ba bulumboti, ba waya, ba leƙe, mako guda cur. Na ce to. Na sa zaninki a jakar, don na san ba za ta runtsa ba sai da shi. Kuma, Inna, kada ki yi mini faɗa, na tura Bibo a tsakiyar zanin na naɗe, ko da abin zai yi tsanani. Da zan fito na so in ce wa Hajja kada ta wanke zanin. Amma ta yaya zan dubi babbar mace in ce mata wannan dauɗar a bar ta haka? Kunya ta rufe mini baki, na yi sallama na sauko, kukan Ummi yana bina har bakin titi.

Yau na kasa. Na ce wa Malam zan je sayen albasa, na tare ƙaramar bas na nufi Arba'a wa Nus. Duk hanya ina ce wa kaina ba shiga zan yi ba, ginin kawai zan gani in juyo. Na sauka na bi lungun da ƙafa, a-daidaita-sahu suna gogar mayafina, na laɓe gefen mai sayar da burodi, na ɗaga kai.

Zaninki na gani a kan igiyar baranda, a baje, yana ɗigar da ruwa.

Na ma manta shuɗinsa haka yake. An wanke shi wankin tsofaffi, wanda ba ya barin komai. Kusurwar goron ta miƙe sumul, an kama ta da maƙalin shanya. Na jingina da bango. Bayan haka sai zuciya ta taso mini. Wa ya aiki Hajja? Yarinya na kawo mata ko wanki? Na ɗaga ƙafa zan hau benen in faɗa mata abin da ta yi mini.

Sai ga ta ta fito barandar. Ta hango ni tun kafin in ɓuya. Ta ɗora yatsa a baki. Ta shiga ciki ta dawo da kwandon nan mai igiya da mutanen nan ke saukarwa daga bene in za su yi sayayya. Ta sauko da shi a hankali har ya tsaya daidai ƙirjina. Bibo ne a ciki, a wanke, a bushe. Ta yi mini hannu irin na korar kaji. Daga cikin ɗakin na jiyo muryar Ummi a dushe tana ƙananan kuka, Hajja ta juya ta shige ta ja ƙofa.

Ga ni na dawo, babu albasa. Bulumbotin yana gabana a kan tebur. Na ciro ledar da zanin ya taɓa zama a ciki na shinshina, warin leda kawai na ji. A mako ɗaya na bayar da rabonki, na kuma rasa ɗan abin da ya rage mini naki. Ban sani ba ko daidai na yi. Ban sani ba ko tana cin abinci. Da kina nan da kin ce, yarinyar nan, tashi ki nemi abin yi. To na tashi, Inna, zan sake share ɗakin.

Inna, na dawo kan wasiƙar. Na ajiye ta kwanaki, don duk abin da na rubuta a tsakani faɗa ne da Hajja, na goge.

Yau Juma'a. Malam ya so mu je mu ɗauko Ummi, Hajja ta aiko cewa kaka ce ke mayar da yaro, mu zauna inda muke. Tun safe nake baranda. An sauko daga masallaci, titi ya cika da mutane, sai na hango wata tsohuwa ta karyo kwana a hankali, ta ɗan sunkuya, hannu ɗaya a baya yana tallafe da goyo. Shuɗin zanin na fara ganewa. Mutane suna juyowa suna kallonta, ita ko a jikinta, tafiyarta take kamar a tsakar gidanta. Ban san lokacin da bakina ya ce "Inna" ba, da ƙarfi, har Ummu Karim ta leƙo daga tata barandar.

Ta hau benen nan da goyon, tana hutawa a kowane hawa. Ummi ta ɗan rame, kumburin ya saɓe, tana riƙe da wani ƙaramin kofin silba. Ta dube ni ta kau da kai ta kwantar da fuska a bayan Hajja. Fushi take da ni, kuma tana da gaskiya. Hajja ta zauna tana haki ta ce, "Ta yi kuka, ta gaji, ta dangana. Zanin ma na wanke shi. Ya bitti, wace irin uwa ke barin zanin goyo haka?"

Na faɗa mata mai zanin. Na faɗa mata abin da ke cikin kusurwar. Ta ja bakin mayafinta ta share ido, har na ji tausayinta. Can ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri. Ban sani ba. Amma mai zanin nan ba don a shinshina ta aiko shi ba."

Ta ce in sunkuya. Ta ɗora mini Ummi a baya, ta yafa zanin, ta ja ta ɗaure mini a ƙirji, tana mita wai 'yan boko ko ɗaurin goyo ba su iya ba. Ina gyara bakin zanin sai hannuna ya ci karo da ƙulli. A kusurwar nan dai, irin ƙullinki sak, na tsofaffin da ba su yarda da aljihu ba. Dabino ne a ciki. Ashe da shi ta yaye ta. In Ummi ta kama kusurwar tana neman Bibo, sai ta tarar da ƙulli, ta zauna kwancewa, ta ci abin da ke ciki, a miƙa mata kunu a kofi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na shinshina. Sabulu ne da turaren Hajja, ke babu ke. Abin ya yi mini ciwo, kuma na san zai daɗe yana yi.

Da za ta tafi na raka ta har bakin titi, Ummi a bayana, Bibo a cikin leda a hannuna. Yaran layi suka kalle ni, na kalle su. A kwanar da ake tara shara na jefa ledar na wuce ban waiwaya ba. Kafin in hau benen yarinyar ta saki jiki, kumatunta a tsakanin kafaɗuna, hannunta a kan ƙullin. A tsaye nake rubuta miki wannan, ina ɗan jijjigawa, don na ƙi sauke ta. Bayana ya ɗumama har gumi yake yi. Kin ce in goya miki ita ta ji ɗuminki. Na makara, Inna, amma na goya.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki kamar yadda kika haskaka mana gida. Goyon da kika yi, naki da na mutane, Allah ya sa ki tarar da shi a mizani. Hajja Hawwa da ta riƙe miki aikinki, Allah ya haɗa ta da jikokinta tana da rai, ke ma ki yafe mini da na ba ta. Takwararki kuma Allah ya raya ta, ya ba ta haƙurinki, ya rage mata taurin kanki. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Wassalam.

Taki har kullum,
Yarinyar nan.